Fargabar Ƙididdiga a Tsakanin Ɗaliban Bincike



Mas'alar da nake so mu yi bahasi a kanta yau ta shafi wasu masu neman ilmi waɗanda galibin mutane suke zaton sun riga sun haye duk wani tsoro na makaranta, watau waɗanda suka gama digiri na farko suka koma jami'a neman na biyu ko na uku, alhali a cikinsu akwai shugabannin makarantu, da ma'aikatan jinya, da manyan jami'an gwamnati, da iyaye masu furfura. Duk wanda ya taka wannan mataki, ko tarbiyya yake karantawa, ko kiwon lafiya, ko noma, ko sha'anin zaman jama'a, ba makawa sai ya bi ta kan darasin hanyoyin bincike da ƙididdiga, domin da shi ne zai tattara bayanai, ya auna su, kana ya yanke hukunci a cikin kundin da zai rubuta. A wannan darasi ne za ka ga dattijon da yake da iko a kan ma'aikata masu yawa ya shigo gabansa yana faɗuwa, ya nemi kujerar baya ya zauna, yana fatan kada idon malami ya sauka a kansa har a tashi.

Wannan hali bai keɓanta da ƙasarmu ba, kuma masana a Amurka sun daɗe da yi masa tahƙiƙi. A shekarar 1985 wasu masu bincike uku, Cruise da Cash da Bolton, suka tsara ma'auni mai tambayoyi 51 domin gwada wannan fargaba, suka tarar tana da fuskoki shida: shakkar ko ilmin yana da wata fa'ida, da zullumin fassara sakamako, da tsoron aji da jarrabawa, da raina kai a wajen lissafi, da tsoron neman taimako, da tsoron malamin ƙididdiga shi kansa. Daga baya wani malami mai suna Anthony Onwuegbuzie, wanda ya yi shekaru yana nazarin al'amarin a jami'o'in Amurka, ya ƙiyasta cewa abin yana iya damun har kashi 80 cikin 100 na ɗaliban manyan digiri, ya kuma nuna cewa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da jinkirin aiki, har ɗalibi yakan yi ta ɗage ɗaukar darasin sai ya ga babu sauran hanyar kaucewa.

Ina roƙon mai sauraro ya sake duban waɗannan fuskoki shida da idon basira, domin a nan ne maganata ta yau take. Tsoron neman taimako da tsoron malami ba su da wata alaƙa da lamba ko alƙalami. Da mutane suke da alaƙa. Tsoron aji ma, in an bi shi a hankali, rabinsa tsoron idon jama'a ne. Ashe ke nan babban kaso na abin da ake kira tsoron ƙididdiga tsoro ne na kada a gane mutum bai sani ba. Kuma wannan tsoro yana da illa ta zahiri a kan fahimta. Wani masani, Mark Ashcraft, tare da abokiyar aikinsa sun nuna a shekarar 2001 cewa ɗan gurbin nan da hankali yake riƙe abubuwa a cikinsa na ɗan lokaci yayin da mutum yake lissafi, wanda dama ƙunci gare shi, damuwa takan shiga ta cinye wani sashe nasa, ta yadda mai fargaba yakan kasa abin da zai iya cikin sauƙi in da zuciyarsa a kwance take. Saboda haka mutumin da yake cewa kansa ba ya ɗaukar lissafi, sau da yawa kansa lafiya lau yake, wurin ne wasiwasi ya riga ya cika.

To, da malaman jami'a suka ga haka, sai da yawansu suka ce maganin abin shi ne a raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar, a ba su aiki guda su yi tare, domin mai ƙarfi ya ja mai rauni, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Niyya ce kyakkyawa, ni ma ina tare da ita. Sai dai an manta da cewa mutumin da babban tsoronsa shi ne asirinsa ya tonu a gaban mutane, an ɗauke shi an ajiye shi a tsakiyar mutane, kuma mutanen da zai ci gaba da haɗuwa da su a ofis da masallaci da wurin ɗaurin aure.

Bari in kwatanta muku yadda irin wannan zama yake kasancewa, kuma duk wanda ya yi karatun nan zai shaida. Ranar Asabar ce bayan La'asar, mutum biyar sun haɗu a wani aji da babu kowa, an ja kujeru an kewaye kwamfuta guda. An ba su bayanan halartar ɗalibai na wasu makarantun firamare, an ce su gwada ko akwai bambanci tsakanin makarantun da ake ciyarwa da waɗanda ba a ciyarwa. Babbansu, wani darakta, ya buɗe taro da addu'a, sa'an nan ya dubi ƙaramin cikinsu, wani saurayi da ya taɓa koyar da lissafi, ya ce, “Malam, kai ne gwaninmu a wannan fage, ka riƙe mana wajen lambobin, mu sai mu ji da rubutun.” Saurayin ya ce, “To, ranka ya daɗe.” Ya ja kwamfuta gabansa, ya buɗe manhajar ƙididdiga ta SPSS, ya danna nan ya danna can, jadawali ya fito. Ya juyo ya ce, “Kun gane ko?” Kowa ya gyaɗa kai. Wata Hajiya, shugabar makaranta ce ta shekara da shekaru, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi sauran ta ga duk sun gyaɗa kai, sai ta gyara mayafinta ta ce, “Madalla, Allah ya yi albarka.” Kafin Magariba an watse, kuma bayan mako biyu aiki ya dawo da maki mai kyau, sunayen mutum biyar a jere a bangonsa.

Abin da ya faru a wannan ɗaki, kowane ɗaya daga cikin huɗun nan ya fita yana zaton shi kaɗai ne bai gane ba, tun da ya ga sauran sun amsa, alhali kuwa su ma ganin amsawarsa ce ta sa suka amsa. Kowa ya zo da tsoronsa, ya koma da shi, ya ƙara da wani sabo, watau yaƙinin cewa shi ne koma-bayan rukuni. Malami kuwa, da ya ga maki, sai ya ɗauka hanyarsa ta ci nasara.

Masana halayyar ɗan Adam sun san cewa himmar mutum takan ragu in ya shiga taro. Wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa a shekarar 1913 cewa da ya sa mutane jan igiya, sai ya ga ƙarfin da kowa yake bayarwa yana raguwa gwargwadon yawansu, har mutum takwas ba su ba da fiye da wajen rabin abin da ya kamata jimlarsu ta bayar ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan ba sai an gaya masa ba, ya san mai jingina da fartanya yana jiran fura. Amma zalunci ne a ɗora wa ɗalibanmu wannan hukunci. Wanda ya janye a gayya ya iya noma, ƙyuya ce ta hana shi. Wanda ya janye a rukunin ƙididdiga kuwa sau da yawa shi ne ya fi kowa wahala, shi zai ɗauki buga takardu, da raba takardun tambayoyi ƙauye-ƙauye, da biyan kuɗin ɗab'i, duk domin ya fanshi kansa daga minti biyar na tsayawa a gaban jadawali. Wannan ɓuya ce, kuma maganin ɓuya dabam yake da maganin ƙyuya, domin tsawa da barazanar rage maki ba sa ƙara wa mai ɓuya kome sai zurfin rami.

Hasarar ba ta tsaya ga masu tsoron ba. Hajiyar nan da ta haɗiye maganarta, abin da ta so faɗa shi ne ta lura biyu daga cikin makarantun suna garuruwa masu babbar kasuwar mako, kuma ta sani, sanin shekaru, cewa ranar kasuwa aji yakan zama kango ko da ciyarwa ko babu. Wannan ita ce magana mafi daraja da za a iya yi a zaman, domin tana iya rushe hukuncin da aka yanke tun daga tushe, kuma babu manhajar da za ta san da ita. Ƙididdiga ba ta fassara kanta. Sai wanda ya san filin ya gaya mata abin da lambobinta suke nufi. Idan tsoro ya rufe bakin masu sanin fili, ya bar magana ga mai sanin maɓallan kwamfuta shi kaɗai, an raba ilmi biyu da ba su da amfani sai a haɗe. Shi kansa gwanin an cuce shi, domin an ɗora shi a matsayin da babu mai gyara masa, alhali saninsa bai taka kara ya karya ba. Yakan faru a sa wa namiji lamba 1, mace lamba 2, domin sauƙin shigarwa, kwamfuta kuma ta fitar da matsakaicin jinsi 1.4, a kwafe shi a sa a jadawali, mutum biyar su sa hannu, babu wanda ya tsaya ya tambayi wane mahaluƙi ne wannan.

Kuma a wajenmu akwai wani nauyi na musamman, wanda ba na so a ɗauka ina kushe shi, domin ado ne a mu'amalarmu: girmama na gaba da kunya. Yaro ba ya cewa babba ya yi kuskure a bainar jama'a, babba yana jin nauyin ya ce wa sa'an ɗansa, koya mini, mace a cikin maza takan zaɓi shiru a kan ta ja magana. Waɗannan ɗabi'u suna gyara zaman gida da unguwa, amma in aka shigo da su zauren bincike ba tare da an yi musu iyaka ba, sai su zama mayafin da jahilci yake lulluɓa da shi.

Ƙarshen wannan hanya sananne ne. Ɗalibin da ya ɓuya a bayan rukuni har ya ci darasin, wata rana zai iso babi na huɗu na kundinsa, inda ake baje sakamako, kuma a nan babu rukuni. Sai ya ɗauki takardun tambayoyinsa a leda ya nufi ɗaya daga cikin shagunan nan na bakin jami'a, ya biya, a ba shi babin a kammale. Ranar kare kundi, mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a ya sa yatsa a kan wata lamba a jadawali ya ce, “Malam, wannan 0.03 ɗin, me take gaya mana?” Ɗaki ya yi tsit, gumi ya keto wa bawan Allah, ya shiga karanto abin da ke rubuce a ƙarƙashin jadawalin kalma bayan kalma. Wani lokaci a tausaya masa a bar shi ya wuce. Abin da yake damuna shi ne wannan mutum gobe shi za a kawo wa alƙaluman mace-macen jarirai, ko na yaran da suka bar makaranta, a ce ya ba da shawara, kuma amanar jama'a ce a hannunsa.

Alhali kuwa amsar tambayar ba ta fi ƙarfin kowa ba. Ma'anar lambar ita ce: in da a haƙiƙa babu wani bambanci tsakanin ɓangarori biyun da ake kwatantawa, to, samun tazara irin wadda muka gani, ko wadda ta fi ta, abu ne da zai auku kamar sau 3 cikin 100 ta hanyar dace kawai. Iyakar nan ta 5 cikin 100, wadda sai lambar ta gaza ta ake cewa an sami bambanci, kuma ɗalibai suke ɗaukarta kamar wahayi, al'ada ce da ta bazu daga littafin da Ronald Fisher ya wallafa a 1925, lokacin yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, yana fama da tambayoyin taki da yabanya, irin waɗanda masu bincike suke fama da su har yau a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a kan dawa da gyaɗa da auduga. Kuma ya kamata ɗalibi ya sani cewa manyan masana ma suna tuntuɓe a nan, har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne game da yadda ake karkatar da ma'anar wannan lamba. Rashin sanin haka ne yake sa ɗalibi ya ɗauka in bai sami bambanci ba ya faɗi, har ya roƙi mai shago ya taɓa lambobin, wanda kuwa ha'inci ne tsantsa, domin rashin samun bambanci shi ma sakamako ne.

A ganina, da za a gabatar da wannan ilmi ga ɗalibanmu ta ƙofar da suka sani, da rabin firgicin ya tafi. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya ji ana rarrabe yaƙini da zato mai rinjaye da shakka da wahami, ya kuma ji cewa hukunce-hukunce masu yawa a kan rinjayen zato ake gina su, domin yaƙini ba kullum ake samunsa ba. Ƙididdiga ba ta zo da wani abu baƙo ba face ta sa wa zato ma'auni, ta ce rinjayen nan nawa ne. Mutumin da yake raba gado, yana fitar da sumuni da sudusi da sulusi ba tare da ya taɓa takarda ba, ko yake fitar da ɗaya cikin arba'in na zakkar dukiya, ba shi da hujjar cewa an halicce shi ba kan lissafi. Ƙasar nan ce ta haifi Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya bar Katsina ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa, ya yi talifi a kan jadawalin lambobi waɗanda jimlarsu take daidaita ta kowace fuska, ya rasu a can a 1741.

Kada a fahimce ni da cewa a daina karatun rukuni. Akwai hujja mai ƙarfi a kan fa'idarsa. A tsakiyar shekarun 1970 wani malamin lissafi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Uri Treisman, ya so ya gane dalilin da ya sa ɗalibai baƙaƙen fata masu hazaƙa suke faɗuwa darasin lissafi alhali 'yan asalin Sin suna ci. Ya bi su har ɗakunan kwanansu, ya tarar na farkon galibi kowa shi kaɗai yake karatu, na biyun kuwa, bayan kowa ya yi nasa ƙoƙarin, sukan haɗu da yamma su baje ayyukansu, wannan ya ga kuskuren wancan, a yi gardama a gyara. Da ya kafa zaurukan aiki a kan wannan tsari, ya kuma ba su tambayoyi masu wuya maimakon ya ɗauke su marasa ƙarfi, sai sakamakonsu ya canza ƙwarai. Abin lura shi ne rukunin da ya yi amfani shi ne wanda kowa ya zo da aikinsa, da kuskurensa a fili. Wanda aka raba aiki aka miƙa wa mutum guda lambobi, sunan rukuni kawai yake ɗauke da shi.

Magabatanmu sun san wannan sarai. Azzarnuji, a littafinsa Ta'alimul Muta'allimi da almajirai suke karantawa a zaurukanmu, ya ƙarfafa muzakara da munazara tsakanin ɗalibai, ya kuma yi gargaɗi a kan zaɓen abokin karatu. Kuma ya shahara a tarihin Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, cewa mutum yakan yi tafiya mai nisa ya kawo masa mas'ala, shi kuwa ya amsa masa da cewa bai sani ba, a gaban almajiransa, ba tare da darajarsa ta ragu da ƙwayar zarra ba. Wanda yake bin mazhabar wannan bawan Allah bai kamata kalmar nan ta yi masa nauyi a gaban abokan karatu huɗu ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma na fara da babban da ke cikin rukuni, domin shi ne mabuɗi. Yallaɓai, in aka zauna, kai ka fara cewa, “Ni fa daga nan ban gane ba, a maimaita mini.” Wallahi za ka ga yadda ɗakin zai saki jiki, domin ka ɗauke wa kowa kunyar da ke danne shi, kuma abin da ƙarami ba zai iya farawa ba ke nan. Gwanin rukuni kuma ya janye hannunsa daga kwamfuta, ya bar wanda ya fi kowa tsoro ya zauna a gabanta, shi ya koma gefe yana nuni da baki, ko da aikin minti goma zai ɗauki sa'a guda. Kafin ma a kunna na'ura, a ɗauki lambobi goma daga bayanan da aka tara, a fitar da matsakaicinsu da hannu, a ga yadda suka warwatsu, domin wanda ya taɓa abu da hannunsa ba ya jin tsoronsa kamar wanda ya hango shi ta gilashi.

Malamai kuma su sani cewa maki guda ga mutum biyar gayyata ce zuwa ga ɓuya. A ware wani kaso na makin ga kowane ɗalibi shi kaɗai, a kuma sanar tun farko cewa ranar gabatarwa ƙuri'a za a jefa a kan wanda zai yi bayanin jadawali, domin hakan yakan tilasta wa rukuni ya tabbatar babu wanda aka bari a baya. Amma a haɗa wannan da sassauci, gama malamin da ya yi wa tambaya ɗaya dariya a makon farko ya rufe bakin ajinsa har ƙarshen zango.

Masu duba kundi su ne na ƙarshe, kuma nasu ya fi sauƙi. Neman taimakon masanin ƙididdiga ba laifi ba ne, manyan masu bincike ma suna yi. Laifin shi ne mutum ya sa hannu a kan abin da ba zai iya bayyanawa ba. Kafin a amince da babi na huɗu, malami ya zaunar da ɗalibinsa rabin sa'a a ofis, su biyu, ƙofa a rufe, ya zaɓi jadawali guda ya ce, “Rufe kundin, ka gaya mini da bakinka abin da ka gano, kamar yadda za ka gaya wa shugaban ƙaramar hukumarku.” In ya iya, a sa hannu. In ya kasa, a ba shi mako biyu, a haɗa shi da wani ɗalibin da ya riga ya wuce wurin, ya dawo a sake zama.